Canjin katin hoto don wasannin kwamfuta: abin da ya kamata mai saye a Damagaram ya fara dubawa

A ƙarshen watan Yulin 2025 kamfanin Nvidia ya sanar cewa direban wasanni na watan Oktoba shi ne na ƙarshe da zai fitar wa katunan GTX 750, jerin GTX 900 da jerin GTX 10. A cikin Oktoban ne kuma, ranar 14 ga wata, Microsoft ya janye tallafin da yake bai wa Windows 10. Watan bai ƙare ba sai da AMD ya fitar da tasa sanarwar a kan katunan RX 5000 da RX 6000, wadda aka fahimta a matsayin janye musu tallafin sababbin wasanni, ta ta da ƙura har ya dawo ya yi ƙarin bayani. Labarai uku ke nan kusan lokaci guda, kuma sun faɗa a kan irin kayan da ake yawan gani a gidajen wasa da shagunan gyara na Damagaram: kwamfutocin ofis na okaziyo masu Windows 10, da katuna irin su GTX 750 Ti, GTX 1050 Ti da GTX 1060.

Shin katin ya mutu ke nan? Dole ne a canza shi? In za a canza, da wanne? Babu katin da ya daina aiki saboda sanarwa. Sannan a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, lambar da ke jikin kwalin kati ba ita ce abin dubawa na farko ba. Kwamfutar da za a ɗora shi a kai, wutar da zai sha da zafin da zai fitar su ne ke yanke hukunci.

## Kalmomin da ake cakuɗawa

Katin hoto, wanda masu gyara ke kira kart grafik, shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da ake gani a allo. Yana da nasa guntun lissafi da tasa ma'ajiyar, wato VRAM, wadda ta bambanta da RAM ɗin kwamfuta. Mai RAM 16 GB da kati mai 4 GB ba shi da 20 GB. A cikin VRAM ne wasa ke ajiye fatar gine-gine, ciyawar fili da fuskokin ƴan wasa, kuma idan ta cika sai kati ya koma aron RAM ta hanyar da ta fi jinkiri nesa ba kusa ba. Nan ne hoto ke fara tsinkewa.

Direba, ko pilot a bakin waɗanda suka koyi aikin da Faransanci, manhaja ce da ke shiga tsakanin Windows, wasa da kati. FPS kuma yawan hotunan da kati ke zanawa ne a cikin daƙiƙa ɗaya: 30 ana iya wasa da shi, 60 shi ne santsi. Allo mai 60 Hz ba ya nuna sama da hoto 60 a daƙiƙa komai ƙarfin katin da ke bayansa.

Akwai wata matsala da ake ɗora wa kati alhalin ba tasa ba ce. Idan a wasan intanet ɗan wasa yana tsalle daga wuri zuwa wuri, ko harbi ya makara, jinkirin layi ne tsakanin Damagaram da sabar wasan, wato babbar kwamfutar da ke haɗa ƴan wasa, wadda sau da yawa tana Turai. Sabon kati ba ya rage wannan jinkiri ko kaɗan.

## Abin da sanarwar ta ce

Nvidia bai ce zai kashe katunan ba. Abin da ya ce shi ne bayan Oktoban 2025 ba za su ƙara samun gyaran da ake yi wa kowane sabon wasa ba, amma za su ci gaba da samun gyaran tsaro duk bayan wata uku har Oktoban 2028. Wasan da yake tafiya jiya a kan GTX 1060 yana tafiya yau. Jerin GTX 16, wato 1650 da 1660, ba sa cikin sanarwar, domin ƙirarsu ɗaya ce da RTX 20. Masu RTX da suka tsaya a kan Windows 10 kuma an yi musu alkawarin direban wasanni har Oktoban 2026.

A ɓangaren AMD, RX 570 da RX 580 sun riga sun koma layin direba na daban tun 2023, kuma har yanzu ana wasa da su. Game da RX 5000 da RX 6000, kamfanin ya fayyace daga baya cewa za su ci gaba da samun tallafin sababbin wasanni, sai dai a wani reshen direba dabam da na sababbin katuna.

Abin da ke tsufar da kati a zahiri ba direba ba ne, wasannin kansu ne. Indiana Jones and the Great Circle na Disambar 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025 ba sa tashi sai a kan katin da ke da sashen bin sawun haske, wato mai lissafin yadda haske da inuwa ke faɗuwa a hoto, wanda babu shi a GTX 10, GTX 16, RX 500 ko RX 5000. Battlefield 6 na Oktoban 2025 yana neman a kunna Secure Boot, wani tsarin tsaro na lokacin tashin kwamfuta, wannan kuma lamarin uwar allo ne, wato babban farantin da ake jona duk kayan cikin kwamfuta a kansa, ba na kati ba. Amma wasannin da suka fi tara matasa a nan ba su kai can ba. EA Sports FC 25 ya sa GTX 1050 Ti ko RX 570 a matsayin mafi ƙarancin abin da yake bukata, ya kuma ba da shawarar GTX 1660 ko RX 5600 XT. Wanda wasansa ƙwallo ne da GTA V da Fortnite babu abin da ke korar sa zuwa kasuwa yau.

## Kwamfutar da ke ƙasa

Kwamfutocin tebur da ake samu da araha a wannan yanki yawancinsu tsofaffin na ofis ne, irin su Dell OptiPlex, HP ProDesk da EliteDesk, da Lenovo ThinkCentre. An ƙera su don rubutu da lissafi, kuma hakan yana bayyana a wurare da dama.

Na farko shi ne akwatin wuta, alimantasiyo. A siraran nau'ikan ƙarfinsa yakan tsaya tsakanin wat 180 da 240, kuma ba shi da wayar da ake jona wa kati. Ramin PCIe da ake soka kati a ciki yana ba da wat 75 ne kawai. Katin da ke shan sama da haka yana neman waya daga akwatin wuta: mai haƙori 6 tana ƙara wat 75, mai haƙori 8 tana ƙara 150. Canza akwatin wutar ma ba kullum yake yiwuwa ba, domin Dell da HP sukan yi amfani da nasu mahaɗin a uwar allo maimakon mai haƙori 24 da kowa ya sani. A irin wannan kwamfuta zaɓi ya taƙaita ga katunan da rami kaɗai ke ciyarwa: GTX 1650 marar waya mai wat 75, RX 6400 mai wat 53, ko RTX 3050 mai 6 GB da ke shan wat 70. Su ma sai an nemi gajeren nau'i mai ɗan ƙaramin ƙarfe a baya, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba.

Ana sayar da wata ƴar waya da ke juya mahaɗin SATA, wanda ke kai wa faifai wuta, ya zama mai haƙori 6 ko 8. An ƙayyade mahaɗin SATA a kan wat 54 a layin bolt 12. Ɗora masa kati mai neman wat 150 yana narkar da roba, wani lokaci har ya kai ga ƙonewa. Shigar waya cikin rami ba ta nufin tana iya ɗaukar nauyin.

Ko a babban akwati, adadin da aka rubuta a jikin akwatin wuta marar suna ba abin dogaro ba ne. A duba takardar da ke manne a gefensa, a nemi layin +12V, a ninka amfiyansa da 12. Akwatin da aka rubuta masa wat 500 amma layin nan amfiya 18 ne, wat 216 kawai yake da shi na kati da furosesa, wato babban guntun lissafi na kwamfuta. Alamar gazawarsa sananniya ce: kwamfuta tana lafiya a Windows, da zarar wasa ya yi nauyi sai ta mutu ko ta sake tashi da kanta.

Na biyu shi ne furosesa. Ɗora RTX 5060 a kan Core i5 na ƙarni na 4 mai ƙwaya huɗu kamar ɗaura ingarman doki ne a amalanken da taya ɗaya ta sace: dokin ba zai wuce saurin amalanken ba. Ana gane haka kafin a kashe ko dala. A buɗe wasan da manhajar MSI Afterburner tana nuna alkaluma a allo. Idan katin yana aiki kashi 95 zuwa 100, shi ne ya gaza, canza shi zai yi amfani. Idan yana yawo a kashi 60 furosesa kuma ta cika, ko an rage ingancin hoto FPS bai motsa ba, kuɗin kati asara ne. Sau da yawa ƙara RAM daga 8 GB zuwa 16 GB a sanda biyu, da sa SSD a madadin tsohon faifai mai juyawa, ya fi kawo sauyin da ido ke gani.

Sai faɗin hanyar da ke tsakanin kati da uwar allo, wanda ba a cika magana a kansa ba. Kowane layin PCIe 3.0 yana ɗaukar kusan 1 GB a daƙiƙa. RX 6600, RTX 4060 da RTX 5060 suna amfani da layi 8 ne, RX 6400 da RX 6500 XT layi 4. A kan sabuwar uwar allo wannan ba matsala ba ce. A kan tsohuwa mai PCIe 3.0, RX 6500 XT yana komawa kusan 4 GB a daƙiƙa, kuma da zarar ma'ajiyarsa ta 4 GB ta cika faɗuwar takan yi muni. Katunan Intel Arc suna da nasu sharaɗin: ba sa ba da ƙarfinsu sai an kunna Resizable BAR, wanda ake samu daga Intel ƙarni na 10 da Ryzen 3000 zuwa sama. Don haka Arc B580, duk da 12 GB ɗinsa, ba na tsohuwar kwamfutar ofis ba ne.

Allon ma abin dubawa ne. Tun daga jerin GTX 10 katunan Nvidia suka daina fitar da siginar VGA. Mai allon da ba shi da rami sai shuɗin nan zai bukaci adafta mai juya HDMI ko DisplayPort zuwa VGA, kuma idan allon 1366 a 768 ne, rabin ƙarfin sabon katin zai zauna ba aiki.

## Wuta, zafi da ƙura

Masu gwajin katuna a Turai da Amurka suna auna su ne a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23. Katin da aka ce yana tsayawa a digiri 70 ya hau kusan 48 ke nan a kan zafin ɗakin. A shagon kwano na Afrilu ko Mayu, inda ɗaki ke kai 40, wannan katin zai nufi 88. Yawancin katunan Nvidia suna fara rage gudu da kansu a wajen digiri 83. Fankokin za su ƙara juyawa su rage wani abu, amma sakamakon shi ne wasa ya fara da santsi, bayan minti ashirin ya soma ja. Wanda ya sayi kati mai ƙarfi mai zafi zai iya ƙarewa da gudun kati mai rahusa na tsawon watanni.

Saboda haka yawan wat ɗin da kati ke sha ya fi muhimmanci a nan fiye da yadda yake ga mai saye a Faransa. RX 580 na 2017 yana shan wat 185. RX 6600 na 2021 ya fi shi ƙarfi sosai a kan wat 132. RTX 4060 na 2023 ya fi su duka a kan 115. GTX 1060 yana shan 120, GTX 1660 Super 125, RTX 3060 kuma 170. Duk wat ɗin da ya shiga kati zafi yake zama a cikin akwati da cikin ɗaki.

Lissafin yana taɓa ondila ma, wato akwatin baturin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan wuta ta ɗauke. Ƙaramin ondila mai 650 VA da aka fi sani yana ɗaukar wajen wat 360 ne. Kwamfuta mai RX 580, furosesa mai wat 65 da sauran kaya mai wat 40 tana neman 290 a ciki. Idan akwatin wuta yana da ingancin kashi 85, daga soket tana jan wajen 340, da allo mai wat 30 ta kai 370. Ranar da wutar Nigelec ta ɗauke a tsakiyar wasa ondilan zai yi ƙara ya mutu tare da ita. Kwamfutar nan da RTX 4060 tana tsayawa a wajen 290, ondilan zai riƙe ta har a rufe wasa. Mutuwar kwamfuta ba shiri tana lalata fayiloli, dawowar wuta da ƙarfi kuma tana kashe akwatin wuta marar kariya, wani lokaci ya tafi da katin.

Damagaram tana samun wani ɓangare na wutarta ta layin da ke fitowa daga Katsina ta Gazawa, kuma yanke wutar da Najeriya ta yi a Agustan 2023 ya nuna wa mutane abin da dogaro da layin ke nufi. Ga wanda ya koma sola, baturi mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma in na dalma ne rabin kawai ake sha idan ana so ya daɗe. Wat-awa 1,200 yana riƙe kwamfuta mai jan 370 awa uku da ɗan kai, mai jan 200 kuma kusan awa shida, kafin a cire abin da inbata ke ci. Inbatan ma ya kamata ya zama mai fitar da tsarkakken igiyar wuta. Mai arahar nan mai igiya murabba'i yana sa akwatunan wuta na zamani kuka, wasu ma su ƙi tashi.

Akwai gyara biyu da ba sa cin kuɗi. A cikin MSI Afterburner a rage iyakar wutar katin zuwa kashi 80. Abin da ake rasawa na FPS kaɗan ne, zafi kuma yana sauka sosai. Sannan a ƙulle FPS a kan 60 idan allon 60 Hz ne, don kada kati ya riƙa ƙona wuta yana zana hotunan da ba za a gani ba.

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya kati, sai bazara ta zo ta tarar da shi a toshe. A ɗaga akwati daga ƙasa, a hura shi da abin hura iska kafin zafi ya shigo, a riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa don kada ta juya fiye da ƙima ta lalace. Gidan da jikin akwati ke jan mutum idan ya taɓa shi ba shi da wayar ƙasa, kuma gyaran wannan ya riga sayen kati.

## Gardamar 8 GB

A 2025 Nvidia ya fitar da RTX 5060 mai 8 GB a kan dala 299 ta Amurka, da RTX 5060 Ti iri biyu: 8 GB a 379, 16 GB a 429. AMD ya bi da RX 9060 XT, 8 GB a 299 da 16 GB a 349. Intel ya riga su da Arc B580 mai 12 GB a 249 tun Disambar 2024.

Masu gwajin kaya da dama sun soki nau'ikan 8 GB. Hujjarsu ita ce GTX 1070 na 2016 ma 8 GB yake da shi, kuma sababbin wasanni a babban inganci suna cika wannan ma'aji ko a allon 1080p, wato mai 1920 a 1080, har ta kai kati mai ƙarfin lissafi yana tsinkewa don rashin wurin ajiya. Kamfanonin kuma suna cewa yawancin masu wasa a duniya suna kan 1080p ne, wasannin gasa da aka fi bugawa kuma ba sa neman fiye da haka. Ƙididdigar Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, ta nuna sama da rabin masu amfani da shi suna kan 1080p, don haka wannan ɓangaren ma ba ƙarya ya faɗa ba.

Ga mai saye a nan, abubuwa biyu suna karkata ma'aunin. Kati a Damagaram ba a canza shi duk shekara biyu, ana riƙe shi har ya gaji, don haka ma'ajin da ya isa yau kawai zai yi kaɗan kafin a rabu da shi. Kuma a kan uwar allo mai PCIe 3.0, cikar ma'aji ta fi ciwo ga kati mai layi 8 irin RTX 5060 fiye da RX 9060 XT da ke amfani da layi 16. Wanda zai kashe kuɗin sabon kati, ƙarin kuɗin 16 GB, wanda dala 50 ta Amurka ne a farashin 2025, ya fi kowane ƙari daraja. Wanda ke sayen okaziyo don ƙwallo da GTA V kuma 6 zuwa 8 GB sun wadatar, amma 4 GB ya zama ƙasan layi.

Alkaluman FPS na tallace-tallace suna bukatar karatu da hankali. DLSS da FSR suna zana hoto ƙarami su faɗaɗa shi, wannan yana taimakawa da gaske. Ƙirƙirar hoto tsakanin hotuna, wanda RTX 40 da 50 ke yi, yana ƙara lambar FPS ba tare da ƙara saurin amsa maɓalli ba, kuma shi ma yana cin ma'aji.

## Sabo ko okaziyo

Farashin da ake gani a intanet ba shi ne na Kasuwar Dole ba. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka katin yuro 300 ya kai kusan jika 197 tun kafin kuɗin ɗauko shi, duwan da ribar mai shago. Wanda ya bi ta Kano, inda ake samun kayan kwamfuta a Beirut Road da Farm Centre, lissafinsa yana rataye da canjin naira na ranar. Daga ƙarshen 2025 farashin ƙwayoyin ma'aji ya tashi a duniya saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira da ke kwashe su, abin da ya fara bayyana a RAM da SSD, kuma katuna masu babban ma'aji ba su tsira daga matsin ba. Garantin masana'anta kuma yana da wuyar amfani ga wanda ke nesa da inda aka sayar da katin. Abin da ke aiki a zahiri shi ne kwanakin gwaji da mai shago ya yarda da su a rubuce.

Masu goyon bayan okaziyo suna cewa a kuɗin sabon ƙaramin kati ana samun tsohon da ya fi shi ƙarfi, kuma gaskiya ne. Masu adawa suna nuna asalin kayan. Da Ethereum, wani kuɗin intanet da ake haƙa ta hanyar sa katuna lissafi, ya daina haƙa da su a watan Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun malalo kasuwannin duniya, musamman RX 570, RX 580 da jerin RTX 30. Ba dukkansu ne suka lalace ba. Abin da ke gajiya shi ne fanka, man sanyaya da ke kan guntun da ƴan katifun da ke kan ma'aji. Wasu RX 580 kuma an canza musu BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin katin kansa, don haƙa, sai direban AMD ya ƙi su, Windows ya nuna kuskure mai lamba 43. Akwai ma waɗanda aka ƙera don haƙa kawai, irin P106, da ba su da ramin allo ko ɗaya.

Suna ɗaya yakan ɓoye kaya biyu. GTX 1060 mai 3 GB yana da ƙwayoyin lissafi 1,152, mai 6 GB yana da 1,280. RX 580 mai laƙabin 2048SP kusan RX 570 ne da aka sauya wa suna, cikakken yana da 2,304. RTX 3050 mai 6 GB ya fi mai 8 GB rauni, RTX 3060 mai 8 GB ba ya kai mai 12 GB, GT 1030 mai DDR4 kuma yana ƙasa da mai GDDR5 da nisa. Sai jabu na gaske: tsohon GTS 450 na 2010 da aka rubuta wa BIOS ya riƙa nuna GTX 1050 Ti. Yana nuna hoto a Windows, yana faɗuwa a wasa. Ramin VGA a bayan katin da aka kira GTX 1050 Ti ya isa shaida.

Gwajin da ya kamata a yi kafin a miƙa kuɗi ba ya wuce rabin awa. A buɗe GPU-Z a duba yawan ƙwayoyi, nau'in ma'aji da faɗin hanyarsa, a kwatanta da na masana'anta. Manhajar tana ma yi wa jabun da ta gane alama. A saki FurMark, manhajar da ke matsa wa kati aiki, na minti 15 zuwa 20 ana kallon zafi. Ɗigo-ɗigon launi, layuka ko baƙin allo alamun ma'aji ko guntu ne da ya fara mutuwa, kuma ba su da gyara mai ɗorewa. Idan wuri mafi zafi a guntun ya fi matsakaicin zafi da sama da digiri 20 zuwa 25, man sanyaya ya bushe, wannan kuma ana iya gyarawa da kuɗi kaɗan. A gwada kowane rami, a saurari fanka, a juya katin a dubi bayansa: launin rawaya ko ruwan kasa a kewayen guntu yana nuna an taɓa gasa shi don ya farfaɗo na ɗan lokaci.

## Ɗora katin

A sauko da sabon direba tun kafin a buɗe akwati, domin fayil ɗin yana haura megabayit 600 kuma data ba kyauta ba ce. Idan daga AMD za a koma Nvidia, ko akasin haka, a goge tsohon direba da manhajar DDU a yanayin kariya na Windows. A kashe kwamfuta, a zare waya daga soket, a danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wuta ta fita. A lokacin hunturu, da iska ke bushe, jiki yana tara tartsatsi, don haka a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kati. A ƙarshen ramin PCIe akwai ɗan makulli na roba. Fizge tsohon kati ba tare da danna shi ba yana tsinke ramin. A tura sabon har makullin ya yi ƙas, a ɗaure kusa, a tura wayar wuta har ƙarshe.

Wayar allo a jikin katin ake jona ta, ba a ramin uwar allo da ke sama ba. Wannan kuskuren ne ke sa wasu su ce sabon kati bai ƙara komai ba. Idan fanka na juyawa allo kuma baƙi ne, a duba BIOS ɗin uwar allo: jerin RX 9000 da Intel Arc suna neman sabon tsarin tashi na UEFI, kuma kashe tsohon tsarin, CSM, a kan Windows da aka ɗora a faifai mai tsohon tsarin MBR zai hana shi tashi sai an juya faifan zuwa sabon tsarin GPT.

## Wa abin zai shafa

Mai kwamfuta ɗaya a gida, da GTX 1060 ko 1050 Ti, yana da lokaci har 2028 ta fuskar tsaro, kuma abin da ya fi matsa masa shi ne Windows 10. Windows 11 yana neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa daga Intel ƙarni na 8 ko Ryzen 2000, don haka mai OptiPlex na ƙarni na 4 ko na 6 gara ya tara kuɗin canza kwamfutar gaba ɗaya a kan ya zuba su a katin da ba za ta iya ciyarwa ba.

Mai gidan wasa lissafinsa dabam ne, domin komai nasa ninki ne. Bambancin wat 70 tsakanin RX 580 da RTX 4060, a kwamfuta 10 da ke aiki awa 10 a rana, ya kai kilowat-awa 210 a wata, ban da ƙarin zafin ɗaki da man janareta. Wasu za su ga sayen PlayStation ya fi musu sauƙi don ƙwallo, tunda babu direba babu daidaitawa; kwamfuta tana riƙe matsayinta ne inda ake son ta yi wasa da dare, da rana kuma ta yi aikin buga takardu ko haɗa bidiyon biki.

Ana iya sa ran katunan GTX 10 za su ƙara kwararowa kasuwannin yankin yayin da masu su a ƙasashen waje ke rabuwa da su. GTX 1070 mai 8 GB a farashi mai sauƙi har yanzu yana buga ƙwallo da GTA V a 1080p ba gargada, amma bai kamata a biya masa kuɗin da ya kusa na RX 6600 ko RTX 2060 ba, domin waɗannan biyun suna tayar da wasannin da shi ba zai buɗe ba.